Yini guda a Balmoral, gandun sarakunan Ingila

Shekaranjiya na dawo daga Sikotland, har yanzu sanyin Balmoral bai bar ƙashina ba. Daga Aberdeen muka hau bas, muka bi gefen kogin Dee har Crathie, ƙanina da ke karatu a can sai cewa yake, "Yaya, ja hularka ka rufe kunne." A watan Yuli fa!

Kakana ne ya sa na je. Ya ga Sarauniya Elizabeth da idonsa a hawan daba na Kaduna a 1956, bai kuma gaji da ba mu labarin ba har Allah ya yi masa rasuwa. Ita kuwa a wannan gida ta rasu, ran 8 ga Satumba 2022.

Na zaci fada zan tarar, da dogarai da 'yan gaisuwa. Ashe gandu ne, irin na sarakunanmu a Fanisau ko Ɗorayi, sai dai wannan eka wajen 50,000 ne, daji da tsaunuka da shanu masu gashi har ido. Sarauniya Victoria da mijinta Albert da haya suka fara a 1848, bayan ƙayar kifi ta shaƙe mai hayar wurin, Sir Robert Gordon, ya mutu. A 1852 Albert ya saye shi. Tsohon ginin ya yi wa iyalin kaɗan, sai William Smith na Aberdeen ya zana sabo na farin dutse, aka gama a 1856, aka rushe wancan.

Abin da ya fi ɗaure min kai, gidan ba ya bin rawani, gado ne na iyali. Da Edward na 8 ya yi murabus a 1936, sai da ƙanensa George na 6 ya saya daga hannunsa. A wajenmu wa zai ce wa sabon sarki ya biya kuɗin gandun ubansa?

Kuɗin shiga kam akwai magana. Da Sarki Charles ya buɗe cikin gidan a 2024, fam 100 aka sa wa mutum guda, da shayi 150. Gaskiya ya yi yawa ga gidan da talakawa ke so saboda ƙaunar mai shi. Mun yanki ƙaramin tikiti, muka ga lambu da zauren rawa.

A hanyar hawa tudu zuwa dalar duwatsun da Victoria ta gina wa Albert a 1862, shekara guda bayan mutuwarsa, wata tsohuwa ta ga ina rawar ɗari. Ta buɗe filas ta zuba min shayi a murfin, da jin muna neman wurin azahar ta nuna mana busasshen wuri ƙarƙashin itatuwa. Ko sunanmu ba ta tambaya ba.

Mun biya Ballater, inda jirgin ƙasa ya daina zuwa tun 1966. Bayan isha muka isa Aberdeen, gari bai ko yi duhu ba.