Wasiƙa daga Tbilisi: 'yancin kasuwa da ran ma'aikaci

'Yan uwa, assalamu alaikum. Ina gaishe ku daga Tbilisi, babban birnin Jojiya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 4 ba, wadda ta ɓalle daga Tarayyar Sobiyet a 1991.

Kuna yawan jin masu cewa gwamnati ta sakar wa kasuwa mara. To, nan an gwada, kuma da gaske. Bayan juyin juya halin 2003, gwamnatin Shugaba Mikheil Saakashvili ta sallami dubban 'yan sandan hanya a 2004 saboda karɓar na goro, ta ɗauki sababbi, ta ba su motoci da albashin da zai riƙe gida. Nau'o'in haraji da suka haura 20 aka rage su zuwa 7 a 2005, aka soke yawancin lasisi da takardun izini. Yau rajistar kamfani aikin kwana ɗaya ne a zauren hidimar jama'a, ba sai ka san wani ba. Direban da ke ɗaukar tumatir daga Kano zuwa Legas, yana miƙa hannu a kowane shinge, ya fi ni sanin darajar wannan. Ina yi mana fatan irinsa har zuciyata.

Abin da ke damuna ya faru a 2006, lokacin da aka rushe hukumar da ke duba lafiya da tsaron wuraren aiki, bisa hujjar cewa ita ma cin hanci ya yi mata katutu. 'Yan sanda an kore su an kawo wasu. Masu duba ma'aikatu kuwa an kore su an bar gurbin fayau, shekara da shekaru mai kamfani shi ne wuƙa shi ne nama. A garin Tkibuli, mahaƙa kwal 6 suka mutu a rami a watan Afrilun 2018, a Yulin shekarar wasu 4 suka bi su. Sai a 2015 aka fara farfaɗo da hukumar da ɗan guntun iko, ba ta samu cikakken iko ba sai 2021.

Duk da 'yancin kasuwar kuma, har yanzu matan Jojiya da yawa na tafiya Italiya da Girka jinyar tsofaffi, suna turo kuɗin cefane gida, kakanni na renon 'ya'yan da suka bari.

Wassalam, ɗan uwanku a Tbilisi.