Kekunan da mahaifina ya bari a Mai Wurno

Kekuna uku mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bari a gidanmu na Mai Wurno kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, kuma wanda na fi ƙauna shi ne baƙin Raleigh ƙirar Nottingham ta Ingila, mai birkin sandar ƙarfe, wanda ya shekara da shekaru yana kai buhunan dawa kasuwa. Ba shi da giya, saboda haka kowane mai faci yana iya kwance shi ya ɗaura.

Na daɗe ina adana su a zaure, har na ga tsatsa ta fara cin sarƙoƙinsu. Bana na damƙa biyu ga 'ya'yan ƙanwata, bisa sharaɗin su koyi gyaransu da hannunsu. Raleigh ɗin kam yana wurina tukuna.