Osaka, Kyoto, Nara da Kobe cikin kwana huɗu: yadda muke tsara wa baƙinmu hanya

Sana'armu tsara tafiya ce, kuma yankin Kansai na ƙasar Japan shi ne inda hannunmu ya fi faɗawa. Yawancin masu zuwa wurinmu wani abin ne ya kawo su ƙasar: ɗan kasuwa mai duba kayan gyaran mota, likita mai taron kwana uku, iyayen da suka zo bikin kammala karatun ɗansu. Sai a gama abin da aka zo yi, a ga akwai rarar kwana uku ko huɗu kafin jirgin komawa gida. To a nan aikinmu yake farawa, domin garuruwan nan huɗu kusa suke da juna ƙwarai. Daga Osaka zuwa Kyoto kilomita 43 ne a layin dogo, zuwa tsakiyar Kobe kuwa kilomita 30 da 'yan kai. Wanda ya san hanya zai karya kumallo a Osaka, ya yi azahar a Kobe, ya dawo ya kwana a gadonsa na jiya.

Shi ya sa sharaɗinmu na farko shi ne masauki ɗaya. Ba ma yarda baƙo ya kwana yau Kyoto, gobe Nara, jibi Kobe, yana jan akwati. Otal a Japan galibi sai ƙarfe 3 na yamma suke ba da ɗaki, da safe kuma ƙarfe 10 ko 11 an tashe ka. Duk sauyin masauki rabin yini yake ci. Muna ajiye mutum a Osaka, ko dai a unguwar Umeda ko ta Namba, kuma zaɓin ya danganta da inda zai fi zuwa. Mai son Kyoto da Kobe da Himeji, Umeda. Mai son Nara da kasuwa da saurin kaiwa filin jirgi, Namba. Layin ƙarƙashin ƙasa na Midosuji ya haɗa su biyun cikin ƙasa da minti goma, shi ne kuma ya miƙe har Shin-Osaka ta arewa da Tennoji ta kudu.

Sunayen tashoshin nan su ne tarko na farko. Tashar Osaka da Shin-Osaka wurare biyu ne daban. Jirgin nan mai gudun tsiya, Shinkansen, a Shin-Osaka kawai yake tsayawa. Tashar Osaka kuwa ita ce unguwar da sauran kamfanonin jirgin ƙasa suke kira Umeda: babban kamfanin JR ya ce Osaka, Hankyu da Hanshin su ce Osaka-Umeda, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ce Umeda, alhali duk wuri ɗaya ne da hanyoyin ƙasa suka sarƙe. Namba ma haka take: akwai ta Nankai, akwai Osaka-Namba ta Kintetsu da Hanshin, akwai JR Namba can gefe, akwai ta ƙarƙashin ƙasa. A takardar da muke ba baƙo ba ma rubuta "je ka Namba" mu yi shiru. Muna rubuta kamfani, da sunan jirgi, da ƙofar da zai shiga, da wadda zai fita. Duk sabon ma'aikaci da muka ɗauka sai ya taka waɗannan hanyoyi da ƙafarsa, riƙe da akwati, yana duba agogo, kafin mu bari ya rubuta wa kowa ko layi ɗaya. Taswirar waya ba ta gaya maka cewa ƙofa kaza matakala ce zalla, ga dattijuwa mai ciwon gwiwa.

Yanzu ga maganar da take ci mana tuwo a ƙwarya. Akwai masu kwafo tsarin tafiya daga intanet, su liƙa sunansu, su sayar a rabin kuɗinmu, kuma abu na farko da suke ɗora wa baƙo shi ne tikitin JR Pass, na hawa jiragen JR iya son rai cikin wasu kwanaki. A da yana da ɗan dalili. Amma a watan Oktoba na 2023 kuɗin na kwana bakwai ya tashi daga yen 29,650 zuwa yen 50,000. Jirgin JR daga Osaka zuwa Kyoto bai kai yen 600 ba. Sai mutum ya yi wannan zirga-zirga sau nawa kafin ya fanshe dubu hamsin? Ko da ya haɗa da zuwa Tokyo da dawowa, wanda kowace tafiya ba ta kai yen 15,000 ba, har yanzu bai ci kuɗinsa ba. Ga shi kuma tikitin bai shiga Hankyu, bai shiga Keihan, bai shiga Kintetsu ko Nankai, bai shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sai baƙo ya tilasta wa kansa bin JR ko'ina don kada kuɗinsa ya tafi a banza, ya riƙa sauka nesa da inda za shi. Araha ba ta ado.

Abin da muke saya wa kowa shi ne ICOCA, katin da ake zuba wa kuɗi ana biyan jirgi da shi. Ana samunsa a injinan tashoshin JR, har da ta filin jirgin sama na Kansai. Idan ka biya yen 2,000, 500 ajiya ce da za a mayar maka in ka dawo da katin, 1,500 kuma na tafiya. Ka taɓa shi a ƙofar shiga, ka taɓa a ƙofar fita, ya cire abin da ya kamata. Yana aiki a dukkan kamfanonin da na lissafa, da bas, da kantunan kan hanya. Wanda ya zo da Suica ko Pasmo daga Tokyo ba ya bukatar sabo, tun 2013 katunan suke karɓar juna. Abu biyu muke jaddadawa: injin ƙara kuɗi takardar kuɗi yake so, don haka a riƙe tsabar yen, kuma kowane mutum da katinsa, miji da mata ba sa wucewa da ɗaya. In ƙofa ta rufe ta yi ƙara, kuɗin ne bai kai ba, akwai injin ciko a gefe kafin fita. Yaro daga shekara 6 zuwa 11 rabin kuɗi ne, amma katinsa sai an je wurin ma'aikaci da fasfo.

Zuwa Kyoto hanya huɗu ce, kuma a nan ake gane wanda ya san aiki. Shinkansen yana yin ta cikin kusan minti 15, a kan kuɗin da ya ninka na jirgin talaka fiye da sau biyu. Amma sai ka fara zuwa Shin-Osaka, ka sayi tikiti, ka hau bene, ka jira. Kafin nan jirgin JR da ake kira Shinkaisoku, wanda yake tashi daga tashar Osaka ya tsaya a Shin-Osaka da Takatsuki kawai, ya riga ya isa cikin minti 29. Sauri ya haifi nawa ke nan. Sai dai tashar Kyoto ba a tsakiyar abin kallo take ba. Mai son tsohuwar unguwar Gion da kasuwar Nishiki, Hankyu muke sa shi daga Umeda zuwa Kyoto-Kawaramachi, kusan minti 45, ya fito ya tarar da kansa cikin kasuwa, kuma ya fi araha. Mai son gefen gabas na kogin Kamo kuwa, Keihan daga Yodoyabashi zuwa Gion-Shijo. Wato ba ma tambayar wane jirgi ya fi gudu, muna tambayar a bakin wace ƙofa zai ajiye ka.

Fushimi Inari, wurin bautar nan mai dubban ƙofofi ja jere a kan dutse, kowa yana son hotonsa. Tashar JR Inari tana daidai bakin ƙofar, tsayawa biyu daga Kyoto, minti biyar.   Amma mai saurin Keihan yana wuce tashar Fushimi-Inari, sai an sauya a Tambabashi. Tsarin da aka kwafo ba ya faɗin wannan, sai baƙo ya ga ƙofofin ta taga suna wucewa. Wurin ba ya rufewa dare da rana, don haka muna sa shi ƙarfe 7 na safe kafin cunkoso, ko bayan la'asar lokacin da sauran wuraren tarihi, masu rufewa wajen ƙarfe 4 zuwa 5, sun kulle.

Cikin Kyoto muna guje wa bas iyakar iyawa. Kuɗinsa ɗaya ne a tsakiyar gari, yen 230, ana shiga ta baya a fita ta gaba a biya wajen fita. Amma a lokacin furen sakura, ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, da kuma Nuwamba, sai bas biyu ko uku su wuce ka cike. An ma daina sayar da tikitin bas na yini guda tun 2023, saura wanda ya haɗa bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Arashiyama, mai dajin gora, jirgin JR na layin Sagano ne, kusan minti 15 zuwa Saga-Arashiyama, ko Hankyu a sauya a Katsura. In mutum huɗu ne kuma tafiyar gajera ce, tasi ya fi. Kada a taɓa ƙofar baya, direba ne yake buɗe ta daga mazauninsa.

Nara rabin yini ta isa. Kintetsu daga Osaka-Namba, kusan minti 40, a sauka Kintetsu-Nara, domin ta fi tashar JR kusa da filin barewa da haikalin Todaiji da tafiyar kusan minti 15 a ƙafa. Ga wani tarkon kuɗi a nan. Jirgin da aka rubuta wa "Limited Express" a Hankyu da Hanshin da Keihan ba shi da ƙarin kuɗi, in ban da taragon alfarma. A Kintetsu da JR kuwa wannan sunan yana nufin sai da tikiti na biyu. Katin ICOCA zai buɗe maka ƙofa, amma mai duba tikiti zai same ka a kujera. Barewar kuma, ana sayar da biskit ɗinta a wurin, kuma da zarar ta gani a hannunka za ta bi ka tana jan riga. Takardar tafiya ma ci take yi, a sa ta a aljihu.

Kobe muke ajiye wa ranar Juma'a in kwanakin sun ba da dama. Shinkaisoku daga Osaka zuwa Sannomiya minti 20 da ɗoriya ne. Kada a yi Shin-Kobe, tana can gindin dutse, sai an sake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a gangaro. Daga Sannomiya a ƙafa, kwata ɗin awa ko ƙasa da haka, za a kai masallacin Kobe, wanda aka buɗe a 1935, mafi tsufa a Japan. Ya tsira daga ruwan bama-bamai na 1945, ya tsira daga girgizar ƙasa ta 1995. Kewayensa akwai kantunan kayan halal, abin da yake da muhimmanci a ƙasar da romon taliyarta yawanci na ƙashin alade ne. Mai ƙarfi zai iya yin sammako ya fara da Himeji, awa ɗaya daga Osaka a jirgin nan dai, ya ga farar fadar da take fuskantar tashar, ya juyo Kobe kafin huɗuba. Akwai kuma ɗakin salla a tashar Osaka da filin jirgin Kansai, muna sa su a takarda.

Wasu sukan zo su ce mu rage musu kuɗin aiki, wai ai duk wannan yana cikin waya. Mukan ce to, Alhaji, wayar ta gaya maka ka tsaya a kan alamar da'ira ko ta kusurwa uku a dandamali? Allon tasha yana nuna wadda jirgi mai zuwa yake bi, wanda ya tsaya a kan ɗayar kuwa ƙofa ba za ta buɗe a gabansa ba. Ta gaya maka akwai taragon mata zalla, mai alamar ruwan hoda a ƙasa, wanda Hajiya za ta ji daɗinsa kai kuma ka ji kunya in ka faɗa ciki? A matakala mai tafiya da kanta mutanen Osaka dama suke tsayawa, na Tokyo hagu. Daga 7:30 zuwa 9 na safe ba ma sa mai akwati a layin Midosuji ko kusa. Jiragen ƙarshe wajen sha biyun dare suke tashi, wanda ya makara a Kyoto kuwa kuɗin tasi zuwa Osaka zai fi na ɗakin kwana. Kuma jadawalin nan na kullum-kullum da muke rubutawa, irinsa ake nema cikin takardun biza, don haka aiki ɗaya ne yake biyan bukata biyu.

Kaya su ne suke ɓata tafiyar mutanenmu, don ba ma tafiya da ɗan kaɗan, ga tsaraba. A Shinkansen na layin Tokyo zuwa Osaka, tun Mayun 2020, akwatin da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa suka haura santimita 160 a haɗe sai an kama masa kujera ta musamman mai wurin kaya, in ba haka ba a biya yen 1,000. Muna auna akwatunan baƙo tun kafin a sayi tikiti. Abin da ya fi sauƙi shi ne aika su ta kamfanin kai kaya: a miƙa a teburin otal yau, gobe su riga ka isa. Na filin jirgi dai a ba su kwana biyu.

Ranar komawa, daga Namba jirgin Rapi:t na Nankai bai kai minti 40 ba. Daga Kyoto ko Shin-Osaka ko tashar Osaka, jirgin JR mai suna Haruka, wanda yake ɗaukar kusan minti 80 daga Kyoto. Mai son araha yakan shiga jirgin JR na talaka daga tashar Osaka, to a nan muke ja layi biyu ja a takarda: jirgin yana rabuwa biyu a tashar Hineno. Taragu huɗu na gaba su nufi filin jirgi, huɗu na baya su nufi Wakayama. Filin kuma a kan tsibirin da aka gina cikin teku yake, gada ɗaya ce ta haɗa shi da tudu. A Satumbar 2018 guguwar Jebi ta tura jirgin dakon mai ya daki gadar, dubban mutane suka kwana a can. Don haka daga Agusta zuwa Oktoba muna duba hasashen yanayi kullum, kuma daren ƙarshe ba ma barin baƙo ya kwana a Kyoto ko Kobe. In kamfanonin jirgi suka sanar za su dakatar da aiki gobe, yau muke matsar da shi otal na kusa da gadar, a Rinku Town.