Zune HD: kayan cikinta nake jira in gani

Salam ƴan uwa, barkanmu da shan ruwa.

Yau kwana uku kenan duk aka idar da asham sai in zarce kafe in sayi awa ɗaya, duk a kan wata ƴar na'ura da ko kasuwa bata shigo ba tukunna. Sunanta Zune HD, kamfanin Microsoft ne zai fito da ita ran 15 ga Satumba na wannan shekara ta 2009, wato ƴan kwanaki kaɗan kafin ƙaramar sallah, kuma a Amurka kawai za a fara sayar da ita. Ta jin sauti ce da kallon bidiyo da rediyo, kamar dai iPod touch na Apple. Ni kuma sana'ata gyaran waya da ƴan MP3 da MP4, shekara shida kenan ina narka dalma a kan fanel, wato allon kayan lantarkin da ke cikin na'ura, saboda haka idan mutane suka ga sabon abu suna yaba kyan jikinsa ni hankalina yana can ciki, me aka saka, ina aka ajiye batir, wane aisi (IC, ɗan guntun lantarkin da ke kan fanel) ne yake jan aikin, kuma idan ya mutu ta ina za a buɗe.

Duk MP4 ɗin da ake kawo min shago, irin na China ɗinnan da suka cika kasuwa, wallahi cikin goma bakwai matsalarsu ɗaya ce, batir. Yaro zai saya da murna ya loda waƙoƙi da karatu, sati uku ana huɗu ya dawo yace baya riƙe caji, in buɗe in tarar da wani ɗan mitsitsin batir an manna shi da gam mai fuska biyu, fanel ɗin kuma aisi ɗaya ne yake yin komai, ko sauti kake ji ko bidiyo kake kallo duk a kunne yake yana zuƙar wuta. Wani ma an rubuta 4GB a jikinsa, ka zuba kaya ya wuce rabin giga sai fayil su fara lalacewa. Ga shi mu nan wuta ba zama take ba, wanda yake da abin caji sai ya kai wajen mai janareto ya biya naira 20 ko 30. To shi ya sa da naga yadda aka tsara cikin wannan Zune ɗin na kasa ɗauke ido, don kusan duk wata dabara da ke ciki a kan tattalin batir aka yi ta.

Zuciyarta wani aisi ne na kamfanin Nvidia, masu yin katin hoto na kwamfuta, sunansa Tegra APX 2600, kuma Zune HD ce na'urar farko da za ta shigo kasuwa da Tegra a cikinta. A ido ɗan baƙin murabba'i ɗaya ne amma a ciki firosesa takwas ne kowa da aikinsa. Akwai babban, ARM11, shi yake tafiyar da manhaja da menu da burauza. Akwai ƙaramin ARM7 mai kula da ƙananan ayyuka, akwai mai sarrafa sauti shi kaɗai, mai buɗe bidiyo daban, mai naɗe bidiyo daban, mai aikin hoto, sai masu zane guda biyu na 2D da na 3D. Amfanin wannan rabon aiki shi ne wanda ba a bukatarsa sai a kashe shi. Ka ɗauka gida ne mai ɗaki takwas kowane ɗaki da makunnin fitilarsa, idan karatun Alƙur'ani kake saurara ka jefa ta aljihu, ɗakin sauti ne kawai a kunne, sauran duk duhu, babban firosesan ma barci yake sai lokaci lokaci ya farka ya miƙo fayil na gaba ya koma. Namu na kasuwa kuwa gidan makunni ɗaya gare shi, ko ka kunna duka ko ka kashe duka.

Da wannan ne Microsoft suka ce za ta yi awa 33 tana sauti, ko awa 8 da rabi tana bidiyo, a caji ɗaya. Na san lissafin kamfani ne kuma da Wi-Fi a kashe ake gwada irin wannan, amma ko an zaftare kashi ɗaya cikin uku, mutum zai hau mota daga Kano ya sauka Legas yana saurare bata mutu ba. Kuma abin da ke ba ni mamaki duk wannan a jikin da kaurinsa milimita 8.9 ne, nauyinsa giram 74. Babu wurin saka ƙaton batir a irin wannan jiki, kenan da wayo aka samo awannin.

Sai sikirin, nan ma labarin ɗaya ne. Inci 3.3 ne, ɗigo 480 a 272, shimfiɗaɗɗe irin na fim, ana taɓawa da yatsa ba da tsinke ba, kuma OLED ne. Duk wanda ya taɓa canza sikirin ɗin waya ya san LCD na da fitila a bayansa, waɗannan ƴan fararen fitilun da farar takarda mai baza haske, kuma fitilar nan tana kunne ne ko hoton fari ne ko baƙi, shi gilashin tare hasken kawai yake yi. OLED babu fitilar baya kwata-kwata, kowane ɗigo shi yake ba da hasken kansa, inda hoto yake baƙi ɗigon a kashe yake baya cin komai. Da na fahimci haka sai na gane dalilin da ya sa menu ɗin Zune HD baƙi ne wuluk da fararen rubutu manya manya, masu zanen manhaja da masu haɗa fanel sun zauna tare kenan, an zaɓi launin da sikirin ɗin zai fi samun hutu da shi. Cire fitilar baya kuma shi ya ƙara mata siranta. Ni irin wannan aiki nake so, inda kowane ɓangare ya san da zaman ɗan uwansa.

Amma OLED na da nasa lalurar kuma ta shafe mu kai tsaye. A cikin ɗaki launinsa ba a magana, baƙinsa baƙi ne na gaske, amma ka fito da shi rana sai ya dushe, to ina ga ranar Kano ta watan Afrilu, sai ka kare da tafin hannu kafin kaga me aka rubuta. Kuma ɗigon shuɗi yafi na ja da kore saurin tsufa, idan aka daɗe ana amfani launi yana iya karkata. Ni a matsayina na mai gyara abin da ya fi damuna shi ne ranar da ya fashe, don LCD ko yaya ne zaka zaga kasuwa ka samo wanda ya yi kama, wannan kuwa sai dai a yi oda daga waje.

Wajen ajiya filash ne, 16GB a kan dala 219.99 baƙa, 32GB a kan dala 289.99 mai ruwan azurfa. Da dala a wajen naira 150 a 2009 ƙaramar ta kama kusan dubu 33 kenan kafin kuɗin kawowa. Da tsada a aljihunmu gaskiya, amma iPod touch mai 32GB a watan Agustan 2009 dala 399 ne. Barin hadis (hard disk) da suka yi ya min daɗi, don Zune ta farko ta 2006, wadda Toshiba ta ƙera musu a kan tsarin Gigabeat, ƙaramin hadis mai juyawa ne a cikinta na 30GB, kuma duk abin da ke juyawa yana cin wuta sannan faɗuwa ɗaya ta isa ta gama da shi.

Tunda na ambaci ta farkon bari in baku labarinta don yana da alaƙa da kayan ciki. Ran 31 ga Disamban bara, 2008, duk Zune mai 30GB ta sandare a rana ɗaya, ka kunna ta tsaya a tambari taƙi gaba taƙi baya. Da aka bincika ashe ƴar manhajar da ke kula da agogo a fanel ɗin, wanda aka gina a kan aisin Freescale, ita ce bata san yadda za ta yi da rana ta 366 ba, ita kuma 2008 shekara ce mai ƙarin kwana, sai lissafin ya shiga zagaye ba fita. Maganin da Microsoft suka bayar shi ne a bari batir ya mutu, a jira 1 ga Janairu ta shiga sosai sannan a sa caji. Layi kaɗan na rubutu ya kwantar da na'ura a duniya baki ɗaya. Wannan karon sun canza gida gaba ɗaya zuwa Nvidia, kuma ina fata sun zauna sun bi irin waɗannan ƙananan wuraren da kyau, don irinsu ne mu masu gyara ba mu da yadda za mu yi da su, ba abu ne da dalma ke gyarawa ba.

HD ɗin da ke sunan abu biyu yake nufi. Na ɗaya bidiyo mai 720p, wato 1280 a 720, Tegra na iya buɗe shi amma shi sikirin ɗin nata bai kai haka ba sai ta rage shi, idan kana son ganinsa cikakke sai ka sayi wani mazauni daban na wajen dala 90 mai wayar HDMI ka jona da talabijin. Na biyu HD Radio, rediyon dijital na Amurka na kamfanin iBiquity, inda tasha ɗaya ke iya ɗaukar tashoshi biyu ko uku a mita ɗaya. Wannan kam mu bai shafe mu ba, babu tashar da ke watsa shi a nan, aisin zai zauna ne kawai yana kama FM na yau da kullum, zaka ji Freedom a 99.5 lafiya lau in dai iyafis na jone don wayarsa ita ce eriya. Gajeren zango kuwa babu, Baba da ke jin BBC da Jamus da safe rediyonsa mai batir biyu na nan daram.

Akwai Wi-Fi, akwai ɗan aisin da ke gane an karkata ta sai hoto ya juya. Babu kyamara, babu Bluetooth, babu sifika.

Rashin sifikar nan da rashin ramin memori su suka fi min ciwo, kuma a nan ne naga cewa wanda ya zana ta bai taɓa zama a majalisa irin tamu ba. Mu abin sauti na jama'a ne, a ajiye a tsakiyar tabarma kowa ya ji wa'azi ko wasan kwaikwayo, kuma kaya ta memori suke yawo, ka zare naka ka ba aboki ko ka kai wa masu turi su cika maka. Zune HD abin da aka haife ta da shi na ajiya shi kenan har ta mutu. Ƙari a kan haka baka isa ka jona ta da kwamfuta ka ja fayil ka jefa kamar filash ba, dole sai da manhajar Zune, ita kuma a Windows kawai take aiki, bakin cajinta ma nasu ne na musamman ba ƙaramin USB da kowa ke da shi ba, wayar ta ɓata ka shiga uku. Tana cin MP3 da WMA da AAC, bidiyo kuma WMV da MP4 da H.264, amma AVI da mutanenmu suka fi tarawa sai an juya shi tukunna. Maɓallai uku ne kacal a jikinta, na kunnawa a sama, na komawa gida a ƙasan sikirin, sai ɗaya a gefe wanda ba ya ƙara murya da kansa, sai dai ya fito maka da wurin ƙarawa a sikirin ka taɓa. Wannan kuskure ne a ganina, mutum na kan mashin ko yana aiki abu na aljihu ya kamata ya lalubo ya rage murya ba sai ya ciro ya duba ba, kuma duk cirowar nan kunna sikirin ne, batir ɗin da aka sha wahalar tattalawa shi ake ci.

Abu ɗaya da ya faranta min rai a bayanta, murfin alminiyom ne kuma ga kusoshi nan guda huɗu a fili ana gani. Duk wanda ya taɓa fama da bayan iPod, yana cusa ƙarfe yana lanƙwasa murfi kafin ya ɓalle, ya san darajar kusa. Kansu dai mai fiffike uku ne ba irin sukundireban da ke kan teburina ba, amma wannan abu ne da ake saya sau ɗaya, kuma batir komai kyansa shekara biyu zuwa uku zai fara sanyi, dole wata rana wani ya buɗe ya canza shi.

Na riga na yi wa yayana da ke karatu a Amurka waya, nace idan Allah Ya kai mu ta fito ya saya min baƙar mai 16GB, ya haɗo da wayar caji guda biyu da sukundireba mai fiffike uku, ya ba duk wanda zai taho gida bayan sallah. Ya ce in bari a ga yadda waɗanda suka fara saya za su ce, nace Yaya ni dai a sayo. In ta iso zan fara cika ta da caji in kunna karatu in ajiye agogo a gefe in ga awa nawa za ta yi da gaske, sannan in shimfiɗa farin ƙyalle in kwance kusoshin in ɗauko muku hoton fanel ɗin gaba da baya, insha Allahu.