Jan ya dawo daidai, amma sai da fitilun suka sha filta

Jama'a yau dai na samu sa'ida. Matsalar nan ta kala da ta daɗe tana cin raina a bidiyon ƙarƙashin ruwa ta warware, kuma na san ba ni kaɗai ke fama da ita ba, shi ya sa na ce bari in rubuta tun abin yana sabo a kaina.

Ga yadda take yi min. In sauka kamar mita 12, in ciro farin allo in yi saitin fari (WB, wato nuna wa kyamara abin da za ta ɗauka a matsayin fari) da hannu, komai ya zauna, yashi ya fito fari, murjani ya samu ɗan jansa. Sai in matsa kusa da kifi in kunna fitilu, shikenan, kifin ya koma jajur kamar garwashi, yashin da ke ƙarƙashinsa ruwan hoda, abin ba kyan gani. To in na ce bari in bi fitilun, in mayar da WB kan 5000K (K ɗin Kelbin ne, ma'aunin kalar haske), kifin ya fito tsaf, amma duk abin da ya wuce mita ɗaya da rabi daga gabana ya zama wani shuɗi-shuɗi kore-kore mara rai. A hoto wannan ba laifi ba ne, da yawa ma haka suke so. A bidiyo kuwa da zarar ka juya kyamara sai ka ga wani da'ira na kala yana yawo tare da kai, gefensa duk a mace. Wallahi yana ɓata min rai.

Dalilin ba wani boyayye ba ne, haske biyu ne kake so saiti ɗaya ya ɗauke su. Hasken rana ya ratso mita 12 na ruwa kafin ya iso, kuma ja tun wajen mita 5 ya kusa ƙarewa, ruwan lemo ya biyo shi wajen mita 10, sai rawaya can wajen 20. Shi kuwa hasken fitila mita ɗaya ya yi zuwa jikin kifin, ya sake yin ɗaya ya dawo lens, jansa da saura sosai. Saitin da ka yi da allo ya ce wa kyamara ta ninka ja sau da yawa saboda babu shi, sai ga fitila ta kawo jan da yawa, ita ma kyamarar ta ninka shi. Ina laifinta?

Babu abin da ban gwada ba. Na tsaya tsakiya wajen 7000K, sai ya zama gaba bai yi ba baya bai yi ba. Na bar shi a oto, wannan ma ya fi muni don kala na canzawa ana tsakiyar ɗauka, kifi mai rawaya ya gitta sai ruwan gaba ɗaya ya sauya, ka je ka gyara wannan a editin mu gani. Na rage ƙarfin fitilu har suka zama kamar babu su. Na zauna a manhajar editin bidiyo ta DaVinci Resolve ina zagaye kifi ina rage masa ja shi kaɗai, kifin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, ga fayil ɗina 8-bit ne, matakai 256 kacal a kowace kala, ka ɗan matsa masa sai ruwan baya ya tsattsage ya yi layi-layi. Masu 10-bit ku gode Allah, 1024 gare ku.

Abin da ya yi aiki shi ne shuɗiyar filta a bakin fitilun, ba a lens ba. Tana cinye jan fitilar tun kafin ya fita, hasken ya koma kama da na ranar da ke wurin, sai ya zama haske iri ɗaya ne gaba da baya kuma saitin allo ya hau kansu duka. Ana rubuta zurfin da aka yi su dominsa a jiki, akwai na mita 6 akwai na 12, akwai na shuɗin ruwa da na wanda ya ɗan yi kore. Na 12 na ɗauka. Kuɗin ya yi min zafi fa, ɗan faifai guda biyu kawai, kuma suna cin haske sosai, fitilar da a da nake kunnawa rabi yanzu sai na ƙure ta, batir kuma ya riƙa gudu. Amma da na buɗe fayil ɗin farko na ga kunkuru ya taso daga nesa ya shigo cikin hasken fitila kalar bayansa ba ta yi tsalle ba, inuwar ƙarƙashin wuyansa ce kawai ta buɗe har ana ganin tamojin fatar, sai da na mayar da shi baya na sake kallo. Wannan ni na ɗauka, ba wani ba.

Shi kansa allon akwai yadda yake so. Miƙa shi iya tsawon hannu, nesan da ke tsakanin ku ma ruwa ne kuma yana cin ja, kada inuwarka ta faɗa masa, kuma ka fuskanci inda za ka ɗauka, rana a bayanka. Kyamarata in ja ya yi ƙaranci sai ta ƙi karɓar saitin ta ce kuskure, don Kelbin ɗinta a wajen 10000 ya tsaya, nan ne jar filta a lens ke taimakawa, tana rage shuɗi har lissafin ya shigo inda kyamarar za ta iya. Wani lokacin kuma ta karɓa amma ta wuce gona da iri, ruwan baya ya koma shunayya. In haka ta faru tafin hannuna nake auna mata maimakon allon, fata tana da ɗan ja a jikinta don haka kyamarar ba ta ƙara da yawa, ruwa ya zauna a shuɗinsa. Duk mita 3 da na sauka ko na hau sai na sake, gajimare ya rufe rana ma haka. Yanzu dai na ajiye saiti uku a ma'ajiyar kyamarar ina juyawa tsakaninsu, masu Olympus TG-6 su nasu ya zo da guda uku na ruwa tun daga kamfani.

Hoto ba na wahalar da kaina, RAW ne (ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba) da filasha, in bar shi wajen 5000K in gyara a manhajar Lightroom. Kawai kada wani ya ce muku RAW na dawo da jan da bai taɓa shiga kyamara ba, a mita 25 ba filasha in ka ja shi dishi-dishi za ka samu. Na san da Sea-thru da Derya Akkaynak da Tali Treibitz suka fitar a 2019 mai cire tasirin ruwa daga hoto, amma shi sai ya san nisan kowane abu a hoton, ba aikin danna maɓalli ɗaya ba ne.

Saura koren ruwa. Can filtar nan tawa ba ta dace ba, gaba yana fitowa da shuɗi-shuɗi, saitin majenta na kyamara mai rage kore kuma na ƙure shi har ƙarshe koren bai gama fita ba. Wanda ya taɓa haɗa filtar majenta a lens da fitilu masu filta, don Allah ya faɗa min ko hasken da ya rage yana isar sa, kafin in sake zuba kuɗi.