Mai Son Fiziks Ya Riƙe Lissafi Tun Daga SS1

Ƙannena maza da mata da ke sakandare, in kuna son fiziks ya zama sana'arku, ku riƙe lissafi hannu bibbiyu. Shi na yi wa sakaci, kuma na daɗe ina biyan bashinsa.

Mu da muka taso da allo mun iya hadda, wannan baiwa ce. Sai na kai ta inda ba ta wadatarwa. Ina karanto dokokin motsi uku na Newton da ka, ina jero ƙa'idoji ba gargada, har na ci WAEC da su. Da aka ce mu ɗauki Further Maths, yayyenmu na makaranta suka ce zai ɓata mana sakamako, na kauce. A shekarar farko ta jami'a malami ya cika allo da kalkulas, yana fito da ƙa'idojin nan da na haddace daga tushensu, ni kuwa tun a layi na biyu na ɓata. Ku ɗauki Further Maths ɗin nan in makarantarku na koyar da shi. In babu malami, ku nemi littafinsa ku haɗu ku uku ko huɗu. Aljabara da tirigonometiri su zauna muku daram, kuma duk ƙa'idar da aka ba ku, ku tambayi daga ina ta fito.

A ɗakin gwaji ma na cuci kaina. Na riƙa gyara lambobin da na auna don zanen jadawalina ya miƙe, alhali wannan 'yar karkatar ita ke koya wa mutum inda awo ke kuskurewa. Ba sai da kayan tsada ba. Ku ɗaura noti a zare mai tsawon mita ɗaya, ku rataye a ƙusa, ku ja shi gefe kaɗan ku saki. Ku ƙirga zuwa da dawowa 20 da agogon waya, za ku samu kusan daƙiƙa 40. Ku sa noti mai nauyi, lokacin yana nan yadda yake. Ku rage zaren zuwa santimita 25, sai lokacin ya ragu da rabi. Daga nan za ku fitar da 9.8 ɗin nan, wato awon yadda ƙasa ke jan abu zuwa gare ta, da hannunku, ko da ta zo muku 9.5, ku rubuta 9.5 ɗin ku binciki dalili.

A JAMB, ga mai neman fiziks, yawanci Turanci ne da fiziks da lissafi da kemistiri. Kada ku raina Turanci, da shi aka rubuta littattafan. Ku fara taɓa Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ko da a waya ce.

Za a ce muku ƙarshen fiziks koyarwa. Koyarwa aiki ne mai daraja, amma ba ita kaɗai ba ce. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da na'urar nukiliya ta bincike tun 2004. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tana da cibiyar da ta daɗe tana aiki kan hasken rana. A asibitocin da ake gasa cutar daji, masanin fiziks ne ke auna yawan hasken da zai shiga jikin majiyyaci. Kuma kafin a haƙa rijiyar burtsatse, wanda kuke gani yana kafa ƙarafa a ƙasa yana tura lantarki don gano inda ruwa yake, da dokar Ohm ta ajinku yake aiki.