Wakilin kamfaninka na Amurka, ka san aikinsa kuwa?

Kwanan nan matasanmu na Agege da Idi-Araba da masu harkar waya a Ikeja kowa ya tashi sai ya buɗe kamfani a Amurka, wai LLC (wani nau'in kamfani mai rajista a can), don ya samu Stripe, hanyar karɓar kuɗi ta intanet, ko ya sayar da kaya a Amazon. Ba laifi, nema ne, Allah ya sa albarka. Abin da ke damuna shi ne da yawansu sun biya kuɗin wakilin kamfani amma wallahi ba su san aikinsa ba, wasu ma ɗauka suke kamar ejan ɗin haya ne na nan Legas da zai shiga ya fita ya gama maka komai.

Kusan kowace jiha a can, ko Delaware ce ko Wyoming, dole kamfani ya ajiye wakili mai adireshi na gaske a cikin jihar, ba akwatin gidan waya ba, kuma a same shi a wurin lokacin aiki. Akwai wani gini ɗaya a birnin Wilmington na jihar Delaware, lamba 1209 titin North Orange, kamfanoni sama da dubu 200 ne ke amfani da adireshinsa, ka ji fa. Aikin wakilin nan karɓar takardu ne, sammacin kotu da wasiƙun gwamnatin jiha, ya turo maka. Ba ya sa hannu a kwangila da sunanka, ba ya taɓa asusun bankinka, ba shi da ko kwabo a kamfanin, kuma ba zai je kotu ya kare ka ba.

To amma kar ka raina shi. Ranar da aka miƙa masa sammaci, a wurin doka kai aka miƙa wa, ko kana Mile 12 kana lissafin buhunan albasa ba ruwan alƙali. A kotun tarayya ta Amurka kwana 21 ne a al'ada ake bayarwa a mayar da amsa, in wakilin ya turo ta imel ɗin da ka daina buɗewa tun bara, kwanakin suna tafiya, ana iya yanke hukunci ba ka nan ba ka ma san ana yi ba. Wannan ne yake ba ni tsoro gaskiya, don na san yadda mutanenmu suke da imel, a buɗe a manta lambar sirri a sake buɗe wani.

Sai maganar kuɗinsa, duk shekara ake biya. In ka daina zai iya ajiye aikin, a Delaware in kwana 30 suka wuce ba ka naɗa wani ba jihar na iya soke rajistar kamfanin.

Kuma don Allah a daina haɗa shi da waɗanda ke yi wa mutane rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, su lauyoyi da akantoci, aikinsu daban ne. A nan Najeriya dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 adireshin ofishin kamfani take nema, can ake kai sammaci, shi ya sa wanda ya rubuta shagon da ya tashi daga ciki tuntuni shi ma ya je ya gyara.